Zogale Da Kumburin Jiki

A wannan mako maganar zogale za a yi. Wanda ya ratsa ta Indabo, a ƙasar Wudil, ko ƙauyukan da ke kewaye da ita, ba zai rasa ganin zogale ba, ko a bayan ɗaki, ko a jikin danga, ko a bakin rijiya. Da can ba a ɗauke shi bakin kome ba, abin kwaɗo ne na mata da yara, in an sayar a sami na sabulu. Yanzu kuwa ya zama haja. Ana shanya shi, a daka, a ƙulla a leda ko a ɗura a roba, a kai kasuwar Wudil ran Juma'a, ko a wuce da shi Kano. Masu talla kuma ba su bar wata cuta ba wadda ba su ce yana warkarwa ba.

To, mai saye yana so ya san gaskiya. Manomi kuma ya kamata ya san abin da ke cikin ganyen nan har a ke biyan kuɗi dominsa, don kada ya lalata shi da hannunsa tun bai kai kasuwa ba. Gama akwai wani sinadari guda a ciki wanda masana suka auna suka ga yana kwantar da kumburi, amma fa yana da wuyar sha'ani. Tafasa ɗaya ta isa ta hana shi fitowa.

Shi zogale asalinsa baƙo ne, daga arewacin Indiya ya fito, can gindin duwatsun Himalaya. Amma ya daɗe a ƙasar Hausa har ya yi sunaye, waɗansu su ce zogalagandi, waɗansu bagaruwar Makka, Sakkwatawa su ce tamakka. Likita Dalziel, wanda ya tattara sunayen itatuwa da Hausa ya buga su a 1916, a nan ya same shi da sunansa.

Mene Ne Kumburi?

Kafin a san aikin zogale sai an san abin da likitoci ke nufi da kumburi, don maganarsu ta fi faɗi bisa ga tashin fata kawai. Tun kusan shekara dubu biyu da suka wuce wani mutumin Rum, Selsus, ya ƙidaya alamunsa huɗu: ja, da zafi, da tashin wurin, da ciwo. Shi jan ba ya cika bayyana a fatar baƙin mutum, sai dai a ga wurin ya yi duhu yana sheƙi. Sauran ukun kuwa duk wanda ƙayar aduwa ta taɓa soka a ƙafa ya san su.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, ba ƙayar ce ke kawo kumburin ba, jiki ne da kansa ya ke yi. A shekarar 1882 wani masani mutumin Rasha, Mechnikof, yana zaune a garin Messina a ƙasar Italiya, ya ɗauki ƙayar furen wardi ya soka wa 'ya'yan wata halittar teku mai siffar tauraro, waɗanda jikinsu garau ya ke kamar ruwa, ana hango ciki. Da gari ya waye ya duba da madubin likita, sai ya ga waɗansu ƙananan ƙwayoyi sun taru sun yi wa ƙayar zobe. Irin waɗannan ƙwayoyi suna nan cikin jikin mutum, su ne dogaran jiki. Daga cikin fararen ƙwayoyin jini su ke, ba farin jinin da samari ke nema ba. Manya daga cikinsu sunansu makarofaj, watau babban maci, domin aikinsu haɗiye ƙwayoyin cuta da matattun abubuwa. Saboda wannan bincike aka ba Mechnikof lambar Nobel a 1908.

Ga yadda abin ke tafiya. Ƙaya ta shiga ƙafa da ƙasa da ƙwayoyin cuta a jikinta. Babban maci da ke kusa ya ji taɓin ɓawon ƙwayar cutar, ya gane baƙo ya shigo. A tsakiyar kowane babban maci akwai wani ɗaki inda a ke ajiye umarnin dukan aikin da zai yi. A waje da ɗakin kuma akwai wani ɗan aike da ke ɗaure a turke, sai a kira shi mai shela. Masana suna rubuta sunansa NF-kB, a Amurka aka gano shi a 1986. Muddin lafiya lau ne yana nan ɗaure. Da zarar an ji baƙo sai igiyar ta tsinke, mai shela ya ruga cikin ɗakin ya ba da umarni a fara yaƙi. Nan take babban maci ya shiga fitar da wata iska mai ƙona ƙwayoyin cuta, wadda a ke kira naitirik oksaid, da kuma waɗansu sinadarai na kiran gudummawa, manyansu TNF da IL-1. Su ne ke buɗe hanyoyin jini, jini ya taru, wurin ya ɗauki zafi. Su ne ke sa ruwa ya tsiyayo daga jijiyoyi, wurin ya tashi. Idan sun yi yawa su ne ke kawo zazzaɓi.

Ashe ke nan kumburi ba abokin gaba ba ne. Kamar wutar da manomi ke sa wa sheme ne lokacin sharar gona: ta cinye abin da a ke so ta cinye, ta mutu, shi ke nan. Ɓarna tana zuwa ne sa'ad da wutar ta ƙi mutuwa ta nufi rumbu. Akwai cututtukan da mai shela ba ya komawa turkensa, dogarai su yi ta faɗa wata da watanni ba abokin gaba, har su koma cin naman gida. Haka ya ke a wani irin amosanin gaɓɓai mai kumbura yatsu da gwiwa. Likitoci kuma sun ga irin wannan wuta mai ci a hankali, wadda ba a gani daga waje, a jikin masu ƙiba da masu ciwon sukari da waɗanda jijiyoyin zuciyarsu ke toshewa. Don haka a ke ta neman abin da zai rage ta ba tare da ya kashe dogaran ba.

Ashana Da Kwalinta

Yanzu sai a komo ga ganye. Wanda ya ke so ya gwada, ya tsinki ɗanyen zogale ya tauna. Da fari ba zai ji kome ba sai ɗanɗanon ciyawa. Jim kaɗan sai ya ji wani yaji da ɗan ɗaci a bayan harshe. Wannan yajin ba ya cikin ganyen tun da fari, a bakinsa aka yi shi.

Dalili kuwa shi ne, zogale yana ajiye abu biyu a wuri dabam dabam cikin ganye ɗaya. Na farko wani sinadari ne mai suna gulukomoringin, wanda shi kaɗai ba ya aikin kome. Na biyu kuma mairosinez, aikinsa ya tsinka na farkon. Kamar tsinken ashana ne da gefen kwalinta, suna tare a aljihu shekara guda ba wuta, sai an ƙyasta. Idan haƙori ko turmi ya farfasa ganyen, kuma akwai laima, sai biyun su haɗu, su haifi abu na uku, sunansa moringin. Shi ne yajin nan, shi ne kuma a ke magana a kansa. Itacen ba domin mutum ya yi wannan dabara ba, domin tsutsa da fara ya yi, wadda ta ciza ta ji yaji ta bari. Dangin zogale duk haka su ke. Yajin da ke cikin 'ya'yan gwanda ɗan'uwan wannan ne, haka kuma warin kabeji.

A wurin wani ɗan'uwan kabeji, burokoli, aka lura da amfanin irin wannan sinadari, a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, a 1992. Amma na burokoli kamar mai ya ke, ba ya jimawa ya ke lalacewa. Na zogale kuwa yana da wani ɗan guntun sukari manne a jikinsa wanda ya sa ya zama gari, ya fi jure ajiya. Wannan ne ya jawo hankalin masana.

A 2014 masanan Jami'ar Rutgers, ita ma a Amurka, suka buga sakamakon wani gwaji. Sun niƙa ɗanyen ganye cikin ruwan da ba a ɗora a wuta ba, suka bar shi rabin awa, suka tace. Sa'an nan suka kawo manyan maciya na ɓera waɗanda a ke kiwo a cikin faranti, suka zuba musu ɓawon ƙwayar cuta don su zaci baƙo ya shigo. Waɗanda ba a ba kome ba suka tashi da faɗa, suka cika farantin da iskar nan mai ƙuna da sinadaran kiran gudummawa. Waɗanda aka ɗiga wa sinadarin zogale kuwa abin da suka fitar ya ragu, ga su kuma da ransu. Wannan na ƙarshe shi ne abin lura, gama guba ma tana iya sa ƙwaya ta yi shiru, ta hanyar kashe ta.

Ta yaya ya ke yin haka? A 2021 mutanen Rutgers ɗin suka nuna yana kama abin ta fuska biyu. Ashe a ƙofar ɗakin nan na tsakiya ba mai shela kaɗai ke ɗaure ba, akwai turke na biyu. Wanda ke ɗaure a nan sai a kira shi mai yayyafi, masana suna rubuta shi Nrf2. Aikinsa ya shiga ɗakin ya ba da umarni a ƙera abubuwan da ke share guba, su kare ƙwayar daga ƙunar da ita kanta ta hura. Moringin da danginsa suna da wani hali, suna son manne wa farar wuta, igiyar da ta ɗaure mai yayyafi kuwa tana da ɗigon farar wuta a jikinta. Da ya manne sai igiyar ta saki. Aka duba, aka ga a ƙwayoyin da suka sami moringin mai yayyafi ya yawaita cikin ɗakin, mai shela kuwa kaɗan ne ya sami shiga. Watau an ƙara ruwa, an rage iska. Wutar ba ta mutu sarai ba, ta dai lafa, haka kuma a ke so.

Daga Faranti Zuwa Mutum Akwai Tafiya

A nan ne masu talla ke tsallake rijiya da baya. Abin da ya yi aiki a faranti ba lalle ya yi a jikin mutum ba, domin a faranti babu ciki, babu hanta, babu ƙoda mai fitar da shi.

A 2017 an gwada wa manyan ɓeraye. Aka sa musu abin da ke kumbura ƙafa, aka ba waɗansu sinadarin da aka ciro daga irin zogale, waɗansu kuma asfirin. Kumburin ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku, bai gaza asfirin ba. Labari mai daɗi ke nan. Amma akawu ya ɗauki alƙalami ya yi lissafi. Abin da aka ba ɓera miligiram 500 ne a kowane kilo na nauyinsa. Likitoci ba su ɗora awon ɓera a kan mutum kai tsaye, sai sun raba shi wajen gida 6. Ko da an raba, mutum mai nauyin kilo 60 zai bukaci kusan giram 5 na zallar sinadarin. Tataccen ƙullun ganye da aka yi a Rutgers kuwa, bayan an busar da shi, sinadarin da ke ciki bai kai kashi 2 cikin 100 ba. Ke nan sai mutum ya haɗiye fiye da giram 250 na wannan tataccen abu kafin ya kamo ɓera. Cokali ɗaya na gari a cikin koko bai ko kama hanya ba. Wannan ba ya nufin cokalin banza ne, abin da a ke ci kaɗan kaɗan kullum yana da nasa aiki. Yana dai nufin wanda gwiwarsa ta kumbura yau kada ya sa ran garin zogale ya yi masa abin da maganin asibiti zai yi.

An gwada ganyen a jikin mutane kuma, ɗaya daga cikin gwaje-gwajen a nan Kano aka yi shi. A Asibitin Koyarwa na Aminu Kano aka ɗauki mutum 200 masu ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki, dukansu suna kan maganinsu na asibiti. Aka raba su biyu, rabi ana ba su giram 20 na garin zogale kullum har wata 6, rabi ana ba su wani gari mai kama da shi wanda ba zogale ba, ba wanda ya san abin da ya ke ci. Da aka buga sakamako a 2021, an ga waɗansu dogaran jiki da a ke kira CD4 sun fi ƙaruwa a jinin masu cin zogale. Amma yawan ƙwayar cutar bai bambanta ba tsakanin ɓangarorin biyu, nauyin jiki ma haka. A lura da abu biyu: yawan dogarai aka ƙirga a can, ba kumburi ba, sa'an nan ba wanda aka ce ya ajiye maganinsa. A ƙasar Tailan kuma, a 2017, an ba masu ciwon sukari giram 8 kullum har mako 4, a gwajin mutum 32, ba a ga sukarinsu ya sauka fiye da na waɗanda ba su sha ba. Saboda haka mai tallan da ya ce wa mai ciwon sukari ko mai hawan jini ya bar ƙwayarsa ya koma zogale, ba ciniki ya ke yi ba, da ran mutum ya ke wasa.

Tukunya Da Shanya

Tun da ya ke ashana ce da kwalinta, abin da ya rage ga mai zogale shi ne kada ya jiƙa kwalin. Shi mairosinez ba ya jure zafi. Da zarar an jefa ganye cikin tafasasshen ruwa ya mutu, ya bar gulukomoringin shi kaɗai, wannan kuma mai narkewa ne, da yawansa yana bin ruwan da a ke tsiyayewa. Masu shan ruwan dafaffen zogale ba su yi wauta ba ke nan. Amma wa zai ƙyasta ashanar? Akwai waɗansu ƙwayoyi masu amfani a hanjin mutum da ke iya yin aikin, sai dai mutane sun bambanta ƙwarai. Da aka auna da na burokoli a 2012, an sami wanda cikinsa ya juya kashi 1 cikin 100 kacal, an kuma sami wanda ya wuce kashi 40.

Ba a ce a bar kwaɗo ba. Dafaffen zogale da ƙuliƙuli da albasa abinci ne na kirki, busasshen ganyen kusan kashi ɗaya cikin huɗu nasa abin gina jiki ne, ga sinadarin ƙarin jini da na ƙarfin ƙashi. Maganar ita ce, mai neman moringin ba a tukunya zai same shi ba. A 2019 masanan Johns Hopkins sun jiƙa garin busasshen ganye iri biyu. Wanda aka zuba wa tafasasshen ruwa bai ba da moringin ba, wanda aka bari cikin ruwan sanyi wajen rabin awa ya bayar. Wannan ya nuna ganyen da aka busar a hankali yana riƙe da ashanarsa da kwalinta duka. Wanda zai jiƙa, ya tafasa ruwan tukuna don tsabta, ya bar shi ya huce, sa'an nan ya zuba garin. Haka kuma koko ko kunu, a bari ya sha iska kafin a barbaɗa. In an barbaɗa ɗan garin da ba a dafa ba a kan kwaɗon da ya huce, a hankalce ya kamata ya tayar da abin da ya rage cikin dafaffen, gama an ga haka a burokoli da aka barbaɗa wa garin mastad.

Ga manomi kuwa, wurin shanya ne darajar hajarsa ke tsayawa ko ta zube. A yanki ganye da sassafe, a wanke da ruwa mai tsabta, a zage shi daga tsinke. Kada a danna ɗanye cikin buhu ya kwana, zai ɗauki zafi ya fara ruɓa. A baza shi sama-sama a kan tabarma ko gadon kara, a inuwa, inda iska ke ratsawa. Masu shanya a kan kwanon ɗaki da tsakar ranar bazara dafa shi su ke yi ba su sani ba, ga shi kuma rana tana cinye korensa. Ɗanyen ganye kusan kashi 75 cikin 100 ruwa ne, da hunturu kwana uku ko huɗu ya ishe shi, da damina kuwa sai an yi ta juyawa don kada ya yi fumfuna. Kada a shanya a ƙasa inda kaji ke yawo, tun da ya ke wannan gari ba dafa shi za a yi ba, duk ƙazantar da ta shiga sai cikin mai saye. In ya bushe har yana karyewa a hannu, a daka, a tankaɗe, a rufe a mazubin da laima ba ta shiga, gama laima tana ƙyasta ashanar tun a cikin leda. Ɗan kasuwa yana iya gane mai kyau: kore shar ne, in an ɗiga masa ruwa a tafin hannu aka jira kaɗan aka lasa, a ji yaji. Wanda ya koma ruwan ƙasa ba yaji, ya tashi aiki.

Sai maganar feshi. A Jiratawa, kusa da Maraɗi, inda a ke noman zogale fili guda da ban ruwa, babbar abokiyar gabarsu wata 'yar koriyar tsutsa ce wadda yajin bai dame ta ba, tana iya zage gona ta bar tsinke. Duk wanda ya faɗaɗa gonarsa a Indabo ya sa ran zuwanta. Idan tilas ta sa an yi feshi, a nemi shawarar malamin gona na KNARDA a kan irin maganin da ya dace da ganyen ci, a kuma cika kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba kafin a yanka. Sau da yawa sare itacen ya yi sabon toho ya fi feshi arha, shi zogale daman yana son sara, in an bar shi ya wuce tsawon mutum sai ya miƙe sama ya rage ganye.

Duk abin da aka faɗa a nan a kan ganye ne. Saiwa da ɓawo suna da waɗansu sinadarai dabam masu ƙarfi, kada a haɗa su cikin gari don a ƙara yaji, mace mai ciki kuma ta nisance su. Wanda ya ke so ya ɗura garinsa a roba ya manna takarda ya kai kanti, sai ya nemi lambar NAFDAC tukuna. A jikin takardar ya rubuta sunan abin, da nauyinsa, da watan da aka shanya shi, da cewa a inuwa ya bushe.